Likita ta ce a yi min aiki, maigida ya ce a jira, danginsa kuma suna kirana juya

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana. Ƙarfe biyun dare ne yanzu nake rubuto miki, tunda na dawo gidan suna ban runtsa ba. Ƙanwar maigidana ce ta haihu, na uku kenan, ni ce fa na yini a bakin murhu hayaƙi na cin idona, da na miƙa hannu zan ɗauki jaririyar sai yayarsu ta ce wai a hankali dai kar wadda ba ta saba ba ta karya musu ita, aka kwashe da dariya har da Hajiyarsu. Daga baya na ji wata ta ce juya.

Shekararmu 6 da aure. Ni dama tun ina budurwa al'adata ba ta da tsari, sai in yi wata 2 ko 3 ban gani ba, in ta zo kuma kwana 10 ina zubar da gudaji har jiri nake, Mama ta ce in na yi aure za ta daidaita, to ba ta daidaita ba, sai ma ƙiba da gashi a haɓa wanda nake tsigewa a ɓoye, wuyana ya yi baƙi kamar ba na wanka. Bara aka yi min sikanin likita ta ce PCOS ne, wai ƙwaina ba ya fita duk wata, ga kuma fibroid, wato ƙari a mahaifa, guda 3, babban santimita 6, amma ƙaramin ne ya fi damunta don ya turo cikin mahaifa daidai inda ciki ke zama. Ta sa ni kan maganin metformin saboda PCOS ɗin, gudawa da tashin zuciya ba irin wanda ban yi ba amma ban fasa ba, sai letrozole, maganin sa ƙwai ya fita, na kwana 5 duk wata har zagaye 3. Sau ɗaya al'ada ta yi latti na sayo abin gwajin ciki, layi ɗaya wato ba ciki, a banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito na zuba masa abinci.

Eh na sha ƙwayar tazara shekarar farko saboda makaranta, kuma da saninsa, shi ma yake sayowa. Likita ta ce ba ita ta jawo ba amma ya je ya fesa wa Hajiyarsu, yanzu kowa cewa yake ni na ƙona mahaifata da kaina.

Na manta ban faɗa miki ba, hoton bututun mahaifa ma na yi, mai azabar nan, aka ce a buɗe suke. Shi kuwa gwajin maniyyi kawai aka ce ya yi, wata 8 kenan, wai shi lafiyarsa ƙalau. Maganar aikin cire fibroid ɗin kuma ya ce ba kuɗi a jira, amma ɗakin da ke kusa da nawa an yi masa fenti har da sabuwar fanka, wai na baƙi ne. Anti ni ba yarinya ba ce.

Gaskiya ni ma tsoron aikin nake, maƙwabciyarmu ta ce wata an shiga da ita sai da aka cire mahaifar gaba ɗaya saboda jini, shi ya sa na ɗan koma kan hulba da habbatus sauda da wani na jarka da aka ce yana narkar da shi, wannan ɗin likita ba ta sani ba.

To in sayar da sarƙata ta gwal in je gidanmu Baba ya sa min hannu a yi aikin ko ba da yardarsa ba? Ko in fara zuwa gaban Hajiyarsu in faɗa mata ɗanta ne ya ƙi gwaji, tunda shi bai rufa min nawa asirin ba? Wallahi wannan ɗin ya fi ci na.