Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a Boston, kan guguwar dusar ƙanƙara

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya a Damagaram, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Birni da Zongo. Mamanki na gaishe ki. Wannan ne sanyinki na farko a can, shi ya sa na zauna rubuta miki. Iskar da za ta same ku daga arewa maso gabas take zuwa, kamar tamu. Sai dai tamu ƙurar Sahara take ɗaukowa, taku kuwa danshin teku take kwasowa ta juye muku shi dusar ƙanƙara.

Ga yadda take haɗuwa. Iska mai tsananin sanyi tana saukowa daga Kanada, ta iske ruwa mai ɗumi da ake kira Gulf Stream, wanda ke gudana cikin tekun Atlantika daura da gaɓar Amurka. Iskar da ke bisa ruwan tana da ɗumi da danshi, ba ta da nauyi, sai ta hau kan mai sanyi, nauyin iska ya ragu a wurin, sau da yawa kusa da Karolina ta Arewa. In wata iska mai gudu can sama, wajen kilomita 10, ta biyo ta kan wurin, tana janye iska fiye da yadda ƙasa ke mayarwa, sai nauyin iskar wurin ya ƙara raguwa, kamar rami mai ƙara zurfi. Ramin da nauyin iskarsa ya faɗi miliba 24 (miliba ma'aunin nauyin iska ne) cikin awa 24, masana na ce masa bam. Iska tana kewaya cibiyarsa saɓanin hannun agogo, ta bugo ku daga teku.

Abin da nake so ki riƙe shi ne hanyar cibiyar. Masu hasashe suna da wani mahaɗi cikin teku, digiri 40 arewa da 70 yamma, kudu da tsibirin Nantucket. In cibiyar ta ratsa nan, Boston ta sha dusa. In ta matso gaɓa, iskar ɗumi ta shigo, sai ruwa ko ƙanƙara mai santsi. In ta yi nisa cikin teku, iska kawai za ku gani. Gocewar kilomita 80 ta isa ta sauya komai. A Janairun 2015 an yi wa New York hasashen sama da santimita 60, har aka tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma wajen 25 ta samu, Boston ce ta kwashi sama da 60. Saboda haka kada ki dogara da lamba guda da wayarki ke nunawa. Karanta sanarwar hukumar yanayi ta Amurka, ki duba mafi ƙaranci da mafi yawa, ki yi shiri da mafi yawan. Hasashen kwana biyar ishara ce. Na awa 48 shi ake aiki da shi.

Kuma yawan dusa ba shi kaɗai ne haɗari ba. Mai jiƙa tana da nauyi, ita ke karya rassa da wayoyin lantarki. In guguwar ta zo daidai da cikar teku, a sabon wata ko tsakiyarsa, ruwan gishiri yana shiga unguwannin gaɓa. In kin ji gargaɗin iska mai gudun kilomita 56 a awa, ba a gani nesa da mita 400 har awa uku, kada ki fita, ko da darasi ne.

Tun kafin ta iso ki tanadi abincin kwana uku wanda ba sai an dafa ba, da ruwa, da magani, da tocila, ki cika waya da caji. In wuta ta ɗauke, kada ki hura gawayi a ɗaki, kada a tada injin wuta cikin gida. Gubar da ke cikin hayaƙinsu ba ta wari, cikin barci take kisa. Haka mota: kafin a tada ta a tone dusar da ta toshe bututun hayaƙi. A Fabrairun 1978, da santimita 69 suka sauka a Boston, dubban motoci sun maƙale a hanya, wasu a cikin motocinsu hayaƙin ya kashe su.

Ki sanar da mu tun ana hasashen, kafin layi ya katse. Allah ya tsare ki.

Babanki