Masu sassaƙa da fiƙa: a kula da yatsu, a daina zuba toka a rauni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masassaƙa da yaran da ke koyon sana'a a hannunsu, da manoma masu gyaran ƙota gab da damina, har da almajirai masu fiƙe alƙalamin kara da reza. Yankan yatsa ya zama ruwan dare a wannan aiki, kuma sau da yawa abin da ake sa wa raunin ya fi wuƙar ɓarna.

Dakusasshiyar wuƙa ita ce kan gaba wajen yanka mutum. Idan ba ta ci, sai an danna da ƙarfi, da zarar ta kuɓuce kuwa babu mai iya tsayar da ita. A wasa ta kafin a fara aiki, a sake wasawa duk lokacin da aka ga tana murje itace maimakon ta fitar da siririn ɓawo. Wuƙar da ƙotarta ke girgiɗi, ko mai naɗewa wadda ba ta da makulli, a ajiye ta. Haka gizagon da bakinsa ke motsi.

Sai riƙo. Hannun da ke riƙe da itace ya zauna a bayan kaifi, kada ya taɓa kasancewa a gabansa. A ɗora babban yatsan wannan hannun a bayan wuƙa ana tura ta kaɗan-kaɗan, ana cire ɓawo ƙanana. Busasshiyar kirya ko marke suna da tauri, wurin ƙulli kuma nan wuƙa ke tsalle, don haka a bi shi a hankali ta gefe biyu. Ɗanyen itace ya fi sauƙi ga mai koyo. Kada a ɗora aiki a kan cinya: akwai babbar hanyar jini a cikin cinya wadda idan aka huda ta mutum na iya rasa ransa cikin mintuna. A dogara gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, itacen ya wuce gaban ƙafafu. Ɗan ƙyallen fata da aka ɗaura a babban yatsa yana tare yanka da yawa, kuma ba ya cin kuɗi.

Idan an yanke, a cire zobe tun kafin yatsa ya kumbura. A danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannu sama da ƙirji, a riƙe minti 10 cur ba tare da ana buɗewa ana leƙawa ba, domin leƙen ne ke sa jinin da ya fara daskarewa ya sake ɓallewa. Tsumman ya jiƙe, a ƙara wani a kai. Jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta yana gudana, a sa sabulu a gefen raunin, a duba ko akwai sartse, a shanya, a rufe da filasta ko bandeji. A riƙa canzawa kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe.

Toka, ƙasa, baƙin mai, man birki, fetur, yanar gizo-gizo, duk ba magani ba ne. Ƙwayar cutar tetanus, mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma alamunta na iya fitowa daga kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, lokacin da an ma manta da yankan. Wanda bai taɓa yin rigakafinta ba, ko ya haura shekara 5 rabonsa da ita kuma raunin mai zurfi ne ko mai datti, ya je a yi masa allura. Ɗaure gindin yatsa tamau da roba ko zare shi ma kuskure ne, yana iya kashe yatsan.

A tafi asibiti a ranar, ba washegari ba, idan jini ya ƙi tsayawa bayan danna, ko bakin raunin ya wage yana buƙatar ɗinki, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya mutu ba a jin taɓi. Waɗannan biyun na ƙarshe suna nuna an taɓa jijiya, kuma jinkiri na sa gyara ya yi wuya. Idan kan yatsa ya guntule, a naɗe guntun a tsumma mai damshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara a tafi da shi. Bayan kwanaki kuma, idan aka ga ja yana yaɗuwa, ko zogi, ko mugunya, ko kaluluwa a hammata, ko zazzaɓi, a nemi ma'aikacin lafiya. Mai ciwon suga kada ma ya jira waɗannan alamu.

Ina kira ga shugabannin masassaƙa da malaman tsangaya su ajiye filasta, bandeji da sabulu a wurin aiki, su kuma koya wa yaro riƙon wuƙa kafin su ba shi itace.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu, Kano