Kada sabon mai hawan bishiya ya fara da ƙarfen "takwas"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƙannena matasa masu shigowa sana'ar sassaben bishiyoyi a garin Kaduna, da kuma masu gidajen da ke kiranmu aiki. Hadari ya fara haɗowa, kuma duk mazaunin Unguwar Rimi ko Malali ko Barnawa ya san abin da iskar farkon damina ke yi wa tsofaffin maɗatai da turare da dogon yaro. Yanzu ne wayoyinmu ba sa hutawa, yanzu ne kuma yaron da bai taɓa rataya a igiya ba yake karɓar kwangila.

Mu da ƙafa da ƙirji muka koyi hawa, adda a soke a ƙugu, irin hawan da makiyaya ke yi idan za su sassabo wa shanu gawo da rani. Yaran yanzu sun fi mu dabara. Suna kallon bidiyo a waya, suna tara kuɗi su sayi ɗamarar hawa da igiya da hular kwano, ni kuwa ina yaba musu. Abin da ke hana ni barci shi ne ɗan ƙarfen da suke saye don saukowa. Kusan duk wanda ya buɗe mini jakarsa, abu ɗaya nake gani a ciki: ƙarfen nan mai siffar lamba takwas. Dalilin a fili yake, shi ne mafi araha, shi ne kuma ake tsinta a cikin kayan gwanjo.

Ga yadda takwas ke aiki. Ana cusa igiya ta babban ramin, a zagayo da ita ta wuyan ƙarfen, a maƙala ƙaramin ramin a jikin ɗamara. Gogayyar igiya da ƙarfe tana rage gudu, amma ba ta tsayar da mutum. Birkin gaba ɗaya yana hannun da ke riƙe da igiya ta ƙasa. Kamar mai jan guga ne a rijiya, in ya saki, guga sai ruwa. To, a kan bishiya abubuwan da ke sa hannu ya saki ba su ƙirguwa. Rina na yin gida a ƙarƙashin ganyen mangwaro inda ba ka gani daga ƙasa, zuma na kogon maɗaci, busasshen reshe na karyowa ya bugi gwiwar hannu. Na taɓa tsayawa a ƙasa ina kallon wani yarona, rina ta harbe shi a bayan kunne, kafin ya ce wayyo hannayensa biyu sun kai ga kansa. Ba shawara ya yi ba, jiki ne ya yi abinsa. Da ƙullin igiya mai kame kansa yake rataye ranar, sai ya tsaya cak yana lilo yana zagin rina. Da takwas ne a jikinsa, da wata maganar ake yi.

Bayan wannan, takwas na murɗe igiya har ta nannaɗe, yana yin zafi idan an sauko da gudu, ba a hawa sama da shi, kuma ba za ka tsaya ka yi yanka da hannu biyu ba sai ka ɗaure shi. Ɗan bututun ƙarfen nan na masu hawan duwatsu da ake kira ATC, shi ma layinsu ɗaya. Kayan ƙwararru ne, suna da ranarsu, amma ba na mai koyo ba ne.

Don haka abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni guda ne: ka zaɓi abin da idan ka saki hannu zai riƙe ka. Sauran bayanai duk a bayan wannan suke.

Mafi sauƙin kuɗi a cikin masu riƙewa ba ma ƙarfe ba ne, ƙulli ne. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Austiriya, Karl Prusik, ya fito da nasa a 1931, ƙaramar igiya ce ake naɗawa a jikin babba, in nauyi ya hau ta damƙe, in an sassauta ta zame. Wanda masu aikin bishiya suka fi sabawa da shi kuwa shi ne ƙullin Blake, wanda Heinz Prohaska ya fara bayyanawa a 1981, daga baya Jason Blake ya yaɗa shi a tsakanin masu sassabe na Amurka a 1994. Ana jefa igiya ta gwafar reshe mai ƙarfi, a ɗaura baki ɗaya a ɗamara, a naɗa ƙullin a ɗaya ɓangaren. Da yake igiyar ruɓi biyu ce, kusan rabin nauyinka kawai ƙullin ke ɗauka, shi ya sa yake zamewa a hankali idan ka ɗora yatsu biyu a samansa ka ja ƙasa kaɗan, ka ɗage yatsun ya kame. Da shi za ka hau, da shi za ka tsaya ka yi aiki, da shi za ka sauko. Ni da shi nake fara koya wa kowa.

Amma kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaura daga hoto. Ƙullin Blake na da wani kuskuren ɗauri da ke kama da daidai a ido, bambancin kawai ta wane gefen babbar igiya jelar ta bi, kuma wanda aka yi kuskurensa zamewa yake yi. Dole a yi wa jelar ƙullin toshiya don kada ta zare. Sannan yana da wani hali da ya saba wa tunanin mai tsoro. Mai koyo idan ya ji ya fara gudu, damƙe ƙullin yake yi da duka tafinsa, damƙar nan kuwa ita ke hana shi kamawa. Maganin shi ne ya saki. Wannan ba a baki ake koyonsa ba. Reshen mangwaro nake samu wanda bai fi tsayin mutum biyu ba, yaro ya rataya ƙafarsa na kusa da ƙasa, in yi ta ce masa "saki", yana saki yana ganin ya tsaya, har sai hannunsa ya yarda. Wasu kwana biyu sun gane, wasu sai an yi mako ana fama. Wanda ya fi cika baki a ƙasa, galibi shi ya fi daɗewa.

Mai hali kuma akwai na'urori. Kamfanin Petzl na Faransa yana yin wata mai suna I'D, tana da hannu da ake ja a sauko, a saki ta kulle, kuma idan tsoro ya sa mutum ya fizgi hannun fiye da kima, nan ma kullewa take yi. A ganina wannan ita ce ta fi tausayin sabon shiga wajen sauka, ko da yake tana da nauyi kuma ba ta da daɗin yawo tsakanin rassa. Ƙanwarta mai suna Rig ba ta da wannan kariyar ta fizga, kamfanin da kansa ya ce ta gogaggu ce. Wani ƙarfe mai suna Grigri da ya fito a 1991 don masu hawan duwatsu aka yi shi, kuma ba a yarda a ɗauke hannu daga igiya da shi ba. Zigzag kuwa don bishiya aka ƙera shi, ƙullin Prusik ne aka mayar ƙarfe, yana tafiya sumul, sai dai shi ma in ka danne shi da tsoro zai ci gaba da gudu. Duk da dala ake lissafin kuɗinsu, kowa kuma ya san inda dala take. Wani abin lura: masu hawa da igiya tilo, ba ruɓi biyu ba, ƙulli kaɗai ba ya yi musu, yakan cije ya ƙi motsi, sai an haɗa da wani ƙarfe mai suna Rope Wrench. Mai koyo ya bar wannan sai gaba.

Kowace na'ura da kaurin igiyarta, a rubuce yake a jikinta. Ƙaramar I'D daga milimita 10 zuwa 11.5 take ci, Zigzag daga 11.5 zuwa 13. Ka sa mata siririya, ba za ta kama ba, ko nawa ka saye ta. Igiyar kanta a nemi mai lambar inganci EN 1891, wadda ba ta miƙewa sosai. Ƙa'idar masu aikin bishiya ta Amurka, ANSI Z133, ta ce igiyar hawa ta iya ɗaukar aƙalla fam 5,400 kafin ta tsinke, wato kusan kilo 2,450. Shuɗiyar igiyar robar nan da ake ɗaure kaya a mota kuwa, wadda na sha gani a hannun yara, tana narkewa a zafin da bai kai digiri 170 ba, rana kuma na cinye ta. Ka duba wadda aka sauko da ita sau ɗaya da gudu, za ka ga wurin ya yi ƙyalli ya taurare, ka lanƙwasa shi ya ƙi lanƙwasuwa. Wannan wurin ya riga ya mutu. Ƙugiyar da ke haɗa komai, wato karabina, a nemi mai rubutun 22 kN ko sama (ma'aunin nauyin da za ta iya ɗauka ke nan), mai kulle kanta, wadda sai an yi motsi uku take buɗewa. Ta rataya makulli ba ta cikin lissafi.

Na san wani zai ce a kai hoton ƙarfen wurin maƙeran Panteka a ƙera. Ina girmama maƙeranmu, babu abin da ba sa fitarwa, ƙugiyoyin jan itacena ma aikin gida ne. Amma abin da rai zai rataya a kansa sai wanda aka ja da inji aka ga inda yake karyewa, walda kuwa ba ta nuna cikinta. Haka na gwanjo, ba ka san faɗuwa nawa ya tare ba, kuma kayan zare irin su ɗamara da igiya masu ƙera su kan ba su shekara 10 ne iyaka, ko ba a taɓa amfani da su ba. Jabu ma na yawo. A 2011 kamfanin Petzl ya yi shelar cewa an kwaikwayi wasu kayansa har da tambari, kuma na jabun suna gazawa a nauyin da bai kai ƙa'ida ba. Araha dai ba ta ado.

Sauran a taƙaice: ƙulli a ƙarshen igiya don kada ta ƙare maka a sama, igiya ta biyu a jikin bishiya kafin a tayar da injin yanka, tazarar aƙalla mita 3 daga wayar lantarki, da mutum a ƙasa wanda ya iya hawa, domin wanda ya suma a rataye cikin ɗamara ba ya jiran a je neman tsani.

Ina kira ga Kwalejin Tarayya ta Gandun Daji da ke Afaka da ma'aikatar muhalli ta jiha su duba yiwuwar shirya ɗan gajeren horo, ko na mako guda ne, kafin kowace damina. Mu tsofaffin hannu za mu zo da igiyoyinmu kyauta. Masu gida kuma, Alhaji da Hajiya, kafin ku daidaita farashi da yaro, ku sa ya rataya a reshen ƙasa ya saki hannu biyu a gabanku. In ya ce ba zai iya ba, ku ba shi kuɗin mota, ku ce ya dawo tare da maigidansa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani mai sassaben bishiyoyi,
Unguwar Rimi, Kaduna.