Malamin CRK: A Rajista Ake Fara Neman Sa, Ba a Kan Bagade Ba

Malam Edita,

Salama a gare ka. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu masu bi na Kebbi ta Kudu, musamman na Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba da Yauri, a kan kukan da ake yi kusan kowace Lahadi: makarantar gwamnati kaza ba ta da malamin addinin Kirista. Kukan gaskiya ne a wurare da dama. Idan aka buga ƙararrawar darasin addini, sai ka ga 'yan aji sun rabu biyu, wasu sun bi malaminsu, wasu kuma suna zaune a gindin dogon yaro suna jifan juna da tsakuwa har lokaci ya ƙare. Ƙarshen zango gurbin CRK, wato darasin addinin Kirista, a takardar sakamako fayau yake. Sai dai yadda muke bin maganar ne ba ya kai mu ko'ina.

Doka tana tare da iyaye. Sashe na 38(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. A 2017 kuma, bayan ce-ce-ku-cen da aka yi kan cusa darussan addini a ƙarƙashin inuwa guda, gwamnatin tarayya ta umarci hukumar tsara manhaja ta NERDC ta raba CRK da IRK, wato darasin addinin Musulunci, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Amma dokar da ta hana tilastawa ba ita ce za ta kawo maka malami har ƙauye ba. Wannan aikin takarda ne, kuma a nan muke faɗuwa.

Abu na farko ƙidaya. Jami'in da ke zaune a ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Birnin Kebbi bai san "yaranmu da yawa" ba, lamba ya sani. Iyaye biyu ko uku su je wurin hedimasta cikin ladabi, a duba rajista aji-aji, a rubuta yara nawa ne za su ɗauki CRK daga aji ɗaya zuwa shida. A duba jadawalin darasi a ga ko an ware wa darasin lokaci. Sannan a tambaya ko cikin malaman da ke nan akwai mai takardar shaidar malanta ta NCE a fannin, domin sau da yawa yana nan, an ɗora masa Turanci ko lissafi ne saboda ƙarancin hannu. Idan haka ne, gyaran jadawali kawai ake bukata, ba sai an je Birnin Kebbi ba.

Idan babu, a kai maganar zaman kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, a tabbatar ta shiga rubutaccen bayanin taro. Wannan kwamiti ne muka fi rainawa, alhali a ciki ake samun mai unguwa da wakilan iyaye da na mata da na shugabannin addini. Kujerar da aka ware wa majami'a takan zauna babu kowa, don fasto yana ganin taron bai kai matsayinsa ba. To a tura dattijon ikilisiya ko shugabar zumuntar mata, wadda dama ita ta san yaron da ya daina zuwa makaranta da dalilinsa. Daga nan a rubuta wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ta hannun hedimasta, shafi ɗaya ya isa: sunan makaranta, yawan yara, abin da ake roƙo. A yi kwafi uku, a sa hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za a riƙe. Wasiƙar da ba ta da hatimi, ranar da ka koma bin sawu za a ce maka ba a gan ta ba, kuma ba ka da bakin magana. Na babbar sakandare kuwa ta hannun firinsifal za ta bi zuwa ma'aikatar ilimi, ba SUBEB ba. Wasiƙu da yawa sun mutu ne don an kai su ofishin da ba nasu ba.

A roƙi abin da zai yiwu. Makarantar da ke da yara ashirin masu ɗaukar darasin da wuya a ba ta malami ita kaɗai, amma idan makarantu uku na kusa suka haɗa takarda ɗaya suka nemi malami guda mai zagayawa, Litinin nan, Laraba can, zai yi wuya a ce babu hali. Kuma inda aka ga yaran Musulmi ma ba su da malamin IRK, a sa su cikin wasiƙar, liman ya sa hannu kusa da na fasto. Takardar da ta fito da sunan gari ta fi wadda ta fito da sunan ɗarika nauyi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ke bayarwa, wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na asusun haɗaka na gwamnatin tarayya, yawancinsa na gini ne da kujeru da kayan aiki, ba na albashi ba. Ɗaukar sabon malami sai ya shiga kasafin kuɗi, ma'aikatu kuma tun wajen Agusta da Satumba suke haɗa bukatunsu. Wanda ya kai ƙorafi a Janairu ihu ya yi bayan hari.

Yanzu ga inda laifin yake namu. Ranar da aka buɗe ɗaukar malamai, mutum nawa za mu gabatar? Shaidar makarantar Littafi Mai Tsarki tana da daraja a majami'a, amma abin da hukuma ke nema shi ne NCE, karatun shekara uku, da rajistar hukumar rajistar malamai ta TRCN. Gundumar ikilisiya da ke iya tara baiko ta sayi janareta da manyan lasifikoki tana iya ɗaukar nauyin matasa biyu kowace shekara su karanto fannin, da sharaɗin su dawo su koyar a ƙauyensu. Ɗan gari ne ke zama. Tun bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, baƙon malamin da aka tura cikin daji, wata uku ya yi yawa ya fara neman canjin wurin aiki, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Iyaye ma su daina kallon CRK a matsayin darasin cike gurbi: ana rubuta shi a WAEC da NECO, kuma yana cikin darussan da JAMB ke karɓa ga mai neman karatun lauya.

Siyasa kuwa a taƙaice za mu taɓa ta. Ɗan takara ya shigo sujada ya ajiye ambulan, a ɗora masa hannu, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Dokar zaɓe ma ta hana kamfe a wuraren ibada. A kira shi zauren gari, a miƙa masa lissafin makarantu da yawan yara, a tambaye shi malamai nawa zai nema a kasafin baɗi, a rubuta amsarsa a gaban jama'a. Kansila da ɗan majalisar jiha su ne suka fi kusa da wannan aiki, ga shi su ne ba mu cika tambayar komai ba. Kwafin wasiƙar nan mai hatimi, a ba kowannensu ɗaya.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wasu malaman makaranta masu ritaya,
Zuru, Jihar Kebbi.