Babangida, Ka Koma Kan Ƙwayarka

Garwa, daren Talata.

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya, sai zafi. Binuwai ta janye har yara na buga ƙwallo a kan rairayi. Innarka dai ƙafar ce, yau da sauƙi gobe babu. Rubutu na zaɓa don na san halinka a waya, sai ka yi ta "to Baba, to Baba" har kuɗin su ƙare.

Direban da ya kawo saƙonka ya ce ka yi ƙiba har da ɗan tumbi, ɗinki kuma ya karɓe ka a unguwar Briketeri ta Yawunde. Na gode wa Allah. Amma yayarka ta faɗa mini abin da ka ce ta rufe, kuma kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Wai tun azumi ka ajiye ƙwayar maganin HIV, cutar nan mai karya garkuwar jiki, wani mai sassaƙe ya ba ka jarka biyu ya ce jininka ya wanke. Tun ranar barcina rabi da rabi ne.

Ni ba likita ba ne, lakwal ma aji huɗu na yi. Sai dai na goge bencin asibiti da wandona har karatun ya zauna mini. Cutar nan ba ta shigowa da ganga. Sati 2 zuwa 4 bayan ta kama mutum zai ɗan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya sha maganin masassara ya miƙe, wani ma ko hakan ba ya yi. Daga nan sai ta yi lamo, shekara 8, shekara 10, mutum na cin tuwonsa yana zuwa kasuwa. A cikin wannan shirun take cinye dakarun jini, waɗanda likitoci ke kira CD4. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da suke yi. Ran da suka faɗo ƙasa da 200, ko wata babbar cuta irin sanƙarau ko tarin fuka ta samu ƙofa a buɗe, ran nan ne sunan ke komawa Sida, wato ƙanjamau. In ba magani, yawanci bai fi shekara 3 ke rage wa mutum ba. Ka tuna dirkar rumfar ƙofar gida? Har ranar da ta rufta kan buhunan Malam, ba wanda ya ga gara a jikinta. Ƙibar da kake taƙama da ita, ita ce ke ba ni tsoro.

Kana ƙarami lokacin da cutar nan ta kwantar da Baffanka, abin da ka sani shi ne an hana ku shiga ɗakin. Shi ma ƙato ne, shi kaɗai yake ɗaga buhun auduga. Da gudawa ta ƙi tsayawa, ni, ni ɗin nan, na ce sammu ne. Na sayar da bijimai biyu muka yi ta yawon masu magani har Marwa. A ƙarshe bakinsa ya yi fari fat har cikin wuya, kunu ma sai da cokali, yana haɗiya yana hawaye. Agogon da na ba shi yana sulalewa har gwiwar hannu. Da na ɗauke shi zuwa mota, wallahi kamar damin kara. Kada ka ce na yi sakaci. A lokacin kuɗin magani sai mai hali, kuma ba wanda ya yi mana bayani. Bai kai 2007 ba, shekarar da gwamnatin Kamaru ta mayar da maganin kyauta.

To kai mene ne hujjarka? Ƙwaya ɗaya ce tak a rana, ba a karɓar ko dala a hannunka, da azumi ma ana shan ta da dare. Takardarka ta bara ta nuna ba a ganin cutar a jini, sai ka ɗauka ta tafi? Maganin ne ya danne ta, tana nan kwance. In aka ɗaga mata ƙafa, cikin 'yan makonni take dawowa, kuma mai sha yau ya bari gobe yana koya mata yadda za ta gagari maganin ne. Sannan ba kunya kana aiko mini maganar aure bayan babbar Sallah. Da wace fuska zan kai goro gidan mutane? Likita da bakinsa ya ce mana muddin kana sha kuma ba a ganin ta a awo, ba za ka shafa wa matarka ba. Ka zubar da wannan don ruwan jarka, kana so in sa hannu a cuci 'yar mutane? Ba da ni ba.

Na san ka gaji. Na san kana naɗe kwalbar a safa don kada abokan kwananka su ji ƙararta. Na kuma san maganar da na faɗa maka ran da sakamako ya fito tana nan a ranka. Ɓacin rai ne da tsoro, ka yafe mini. Tura ka Yawunde kuwa ba korar ka na yi ba, bakin unguwa na raba ka da shi.

Gobe da safe ka rufe shago ka koma inda kake karɓa. Ka faɗa musu gaskiyar watannin da ka yi ba ka sha ba, kada ka rage ko ɗaya, su sake awon jini. Za su yi faɗa, ka haɗiye. In kunya kake ji, in hau mota zuwa Ngaundere in kama jirgin ƙasa na dare, mu je tare, ƙafata ta saba. Ka ɗauki hoton takardar ka turo wayar yayarka.

Innarka ba ta sani ba tukuna. Ta ba direba kilishi da yaji a ledar baƙa, ta ce ka rage shan shayin dare.

Mahaifinka.