Wasiƙar Godiya Ga Masu Shagon Kayan Kwamfuta A Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Alhaji mai shago da yaransa baki ɗaya, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku a kan kibod ɗin da na saya a wurinku shekara biyu da suka wuce, da kuma yadda kuka ci gaba da kula da ni bayan an gama ciniki.

Ni akawu ne, kuma da tafireta na fara aiki kafin kwamfuta ta shigo ofishinmu. Aikina kullum shi ne buga wasiƙu da rahotanni da bayanan taro, wasu da Turanci, mafi yawa da Hausa. Na daɗe ina amfani da kibod irin na gama-gari mai shimfiɗar roba a ciki, wanda sai an danna madanni har ƙasa kafin harafi ya fito, kuma kafin la'asar ta yi nakan ji yatsuna da wuyan hannuna sun yi tsami. Ranar da na shigo shagonku da niyyar sayen irinsa, Alhaji bai yi gaggawar miƙo mini kaya ba. Sai da ya tambaye ni sa'a nawa nake yi ina bugu a rana, da kuma mu nawa ne a ɗaki ɗaya, sannan ya sa aka ɗauko mini kibod na makanika, ya cire hular madanni ɗaya ya nuna mini cewa kowane madanni da nasa makunni da sifirin a ƙarƙashinsa.

Bayanin da ya yi mini a ranar har yanzu yana raina. Makunnan ƙirar Cherry MX ne, na wani kamfanin Jamus da yake yin su tun shekarun 1980, kuma harafi yana fita ne da zarar madanni ya nutse kimanin milimita 2, alhali zurfinsa duka milimita 4 ne, don haka babu dalilin dukan sa da ƙarfi. Ni dai mai shuɗin makunni ne ya burge ni, saboda ƙararsa ta tuna mini da tafireta. Alhaji ya ce a'a, in ɗauki mai ruwan ƙasa, wanda yatsa yake jin ɗan tudu idan harafi ya shiga amma ba ya cika ɗaki da ƙara, tunda mu huɗu ne a ofis kuma akwai haƙƙin abokan zama. Wannan shawara ta fi kibod ɗin kansa daraja a wurina, domin har yau babu wanda ya taɓa yi mini ƙorafi.

Makon farko na yi ta kuskuren bugu kafin hannuna ya saba. Bayan nan gajiyar yamma ta ragu sosai. Haka kuma ɗaya daga cikin yaranku ya saita mini tsarin rubutun Hausa a kwamfuta, ta yadda haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, suke fitowa kai tsaye ba tare da na je ina kwafo su daga wata takarda ba. Duk wanda ya san bambancin baki da baƙi a cikin wasiƙar hukuma ya san girman wannan taimako.

Abin da ya sa na ga dole in rubuto shi ne abin da ya faru a hunturun bara. Ƙura ta shiga, harafin “a” ya fara fitowa sau biyu a danni ɗaya, kuma kusan babu layin Hausa da za a rubuta ba tare da shi ba. Na kawo kibod ɗin ina zaton sai dai in sayi sabo, domin haka na saba da irin na roba, wanda idan madanni ɗaya ya mutu sai a yar da shi gaba ɗaya. Mai gyaranku ya buɗe shi a gabana, ya narkar da dalmar da ta riƙe makunnin da ya lalace, ya sa wani ya liƙe, ya cire hulunan madannai duka ya share ƙurar da burushi, kuma kuɗin makunni ɗaya kawai aka karɓa a hannuna. Sababbi suna nan jere a kan kanta, da kun ce mini ba ya gyaruwa da na yarda ba tare da gardama ba. Ya kuma ba ni ɗan ƙarfen cire hula kyauta, ya ce in riƙa rufe kibod ɗin da ƙyalle idan an tashi daga aiki, kuma tun daga ranar ban fasa ba.

Biyu daga cikin abokan aikina sun gwada nawa sun ce suna so, kuma in Allah Ya yarda zan rako su shagonku ranar Asabar mai zuwa. Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Naku,
Wani akawu daga cikin birnin Kano