Wasiƙa zuwa Nanjin, kan maganar Zheng He

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya sanyin can? Fatan kana lafiya kuma ka fara sabawa da abincinsu. Nan gida kowa lafiya lau, Hajiya kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo hutu.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa yau shi ne wani bawan Allah da labarinsa ya tsaya min a rai, Zheng He, jagoran jiragen ruwa na ƙasar Sin, kuma garin da kake zaune ɗin nan a nan aka ƙera da yawa daga cikin jiragensa. Wallahi abin yana min ciwo, a makaranta mun haddace Kolumbus da Vasko da Gama har muna rera su, amma ba malamin da ya taɓa ambata mana wannan mutumin, alhali ya riga su shiga teku da shekaru da dama.

Musulmi ne fa, an haife shi a Yunnan wajen 1371, sunansa na yanka Ma He, babansa da kakansa duk alhazai ne, ka duba a wancan zamanin mutum ya taso daga Sin ya je Makka ya dawo. Yana ɗan shekara 10 ko sama da haka kaɗan sojojin daular Ming suka ci yankinsu da yaƙi, suka kama shi, suka dandaƙe shi, aka kai shi hidima gidan wani yarima. Yaron da aka yi wa wannan zaluncin shi ne ya taso ya yi yaƙi a gefen ubangidansa har yariman ya hau mulki ya zama sarki Yongle, ya ba shi sunan Zheng, ya damƙa masa rundunar ruwa gaba ɗaya.

Tafiya 7 ya yi tsakanin 1405 da 1433. Ta farkon kawai mutum sama da 27,000 ya ɗauka, da sojoji da tafintoci da masu magani, akwai jiragen da ruwan sha kawai suke ɗauka, wasu na dawakai. Shi kuwa da Gama da ya isa Kalikut ta Indiya a 1498, jirage 4 ya baro Lisbon da su da mutanen da ba su kai 200 ba. Jiragen Zheng He iskar damina suke bi, su jira ta juya sannan su ɗaga, su bi ta Malaka da Siri Lanka da Kalikut, daga baya har Hormuz da Aden da Mogadishu da Malindi, suna kai siliki da tangaran suna dawowa da barkono da duwatsu masu daraja da jakadun sarakuna. Har raƙumin dawa an kai fada a 1414, kyauta daga sarkin Bengal, fadawa suka ce ai dabbar nan ce ta almararsu da ba ta bayyana sai a zamanin sarki adali.

Kar ka ɗauka kuma yawon zumunci kawai ya yi. A 1407 ya murƙushe wani shugaban 'yan fashin teku mai suna Chen Zuyi a Palembang da ke tsibirin Sumatra, kuma a Siri Lanka ya kama mai mulkin wurin ya tafi da shi Sin. Ƙarfi ya je nunawa, wannan gaskiya ne. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne wani dutse da ya bari a Siri Lanka ɗin, an yi rubutu a jikinsa da Sinanci da Tamil da Farisanci, ana jero kyaututtukan da aka bai wa wuraren ibadar addinai daban-daban. A tafiyar ƙarshe ma wasu daga cikin mutanensa sun isa har Makka.

To sai Yongle ya rasu a 1424, manyan fada dama suna ƙorafin kuɗin da ake kashewa, ga kuma barazanar Mongol daga arewa, aka dakatar da tafiyar, aka sake yarda da guda ɗaya wadda ta tashi a 1431, daga ita shi ke nan. Masana tarihi wasu sun ce a hanyar dawowa ya rasu a 1433, wasu sun ce sai 1435. Jiragen nan aka bar su suka ruɓe, wannan wurin ne yake ƙona min rai duk lokacin da na tuna.

Don Allah idan kun samu hutu ka je dutsen Niushou da ke kudu da garin, akwai kabarin da aka gina masa a can, ka yi masa addu'a ka turo min hoto ta WhatsApp. Ka kuma tambayi abokan karatunka 'yan ƙasar yadda ake koya musu labarinsa, ko suna ma sane cewa ɗan alhaji ne, ina son jin amsar.

Ka gaida sauran 'yan gida da kuke tare. Allah ya ba da sa'ar jarabawa.

Naka,
amininka